Haladu Mai Makullai

Shekara uku Haladu ya yi yana riƙe da makullan gida arba'in da biyu a rukunin gidajen da muke haya a unguwar Mu'aither ta birnin Doha, har da nawa, kuma ko cokali ban taɓa jin an ce ya ɓata ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da zan faɗa ya ɗauka akwai wata a ƙasa. Babu komai a ƙasa, mu ne dai da halinmu.

Mutumin Funtuwa ne, dogo, siriri, da ɗan sanƙo a gaba, shekarunsa sun kusa arba'in. Kafinta ne, amma a nan duk abin da ya lalace nasa ne: ƙofa, famfo, kabad, labulen da ya faɗo. Kamfanin da ke da gidajen shi ne kafil ɗinsa, wato shi ya kawo shi ƙasar, kuma a ƙarƙashin sunansa aka ba shi takardar zama. Ga irin su Haladu aiki da zama abu ɗaya ne a Doha, ranar da aikin ya ƙare sai ka fara ɗaure kaya. A unguwar Najma yake kwana, su shida a ɗaki, motar kamfani ta kwaso su bayan asuba. Matarsa Fausiya da yara huɗu suna can gida.

Amfaninsa ya fi fitowa a Yuli da Agusta, lokacin da duk mai hali yake gudun zafi ya tafi hutu. Gida a nan ba a rufe shi wata biyu a yi tafiya haka kawai. In na'urar sanyi ta tsaya, kafin ka dawo fumfuna ta cinye maka takalma da bango. In ruwan magudanar banɗaki ya ƙafe, warin da zai taso sai ya kore ka daga falo. To Haladu ne ke bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya kowane mako, ya zuba ruwa a magudana, ya saurari ƙarar na'ura, ya shayar da shukokin mutane. Wata shekara na yi gaggawar filin jirgi na manta sarƙata da 'yan kunne a gaban madubi. Da na dawo na tarar da su inda na bar su, an lulluɓe su da hankici saboda ƙura.

Ba shi da yawan magana. In zai ci abinci sai ya jingina da bango, ya kewaye kwanon da hannun hagu, ya cinye cikin minti uku kamar ana jiransa. Mu gida tara na Hausawa da ke rukunin mun ɗauki wannan a matsayin kunya. Mazanmu, likitoci da injiniyoyi, Malam Haladu suke ce masa, kuma suna jin daɗin nuna wa baƙi cewa ga namu nan mai amana.

Abin ya faru ne wata Juma'a a watan Disamba. Mun saba in sanyi ya shigo mu haɗu bayan la'asar a kan ciyawar Corniche, wurin shan iska na gaɓar teku, a shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe, ana kallon kwale-kwalen katako a bakin ruwa. Haladu yana cikin sauke kulolin abinci daga mota, aikin da ba wanda ya sa shi, sai ga wani sabon ɗalibi da ya zo digiri na uku, Nababa, shi ma ɗan Funtuwa. Yana ganin Haladu sai ya cire takalmi ya durƙusa. Tabarmarmu ba nisa, don haka da kunnena na ji.

"Yaya Haladu, Inna ta ce lallai in na gan ka in yi maka barka da fitowa. Ta ce ka yafe mata, lokacin da aka sako ka tana kwance da ciwon ƙafa, kafin ta miƙe ka bar gari. Ga daddawa ta ce in ba ka."

Duk Bahaushe ya san wannan. In aka yi wa maƙwabcinka rasuwa ko haihuwa, ko ya tsallake wata masifa, ba ka samu zuwa ba, gaisuwar tana nan a wuyanka, ko bayan shekara goma ne sai ka isar. Tsohuwar nan shekara tara abin yana damunta. Shi kuwa Nababa saƙon uwa ya ɗauko, bai tsaya duba su waye a wurin ba. Mutum yana karatun digiri na uku, amma bai san akwai gaisuwar da ake jan mutum gefe a yi masa ba.

Haladu ya karɓi ledar da hannu biyu. Ya ce, "Na gode. Allah ya saka mata da alheri. Yaya ƙafar tata yanzu?"

Da an bar ta nan, da wataƙila ta wuce. Sai Dakta Masahudu, babbanmu a rukunin, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Fitowa daga ina, Malam Haladu?"

Nababa ya yi tsuru-tsuru, sai a lokacin ya gane. Haladu ya dubi likitan ya ce, "Gidan yari, likita. Shekara huɗu da wata biyu."

Nan da nan addu'o'i suka fara zuba. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce Allah ya kiyaye gaba, wani har ya tuno mana da Annabi Yusuf. Dakta Masahudu da kansa ya tura masa farantin kaza. Ni da nake zaune har na ji mutanenmu sun burge ni. Kafin mu isa gida wayata ta yi ƙara ta fi sau ashirin. Ranar Asabar an ce kisa ya yi. Ranar Lahadi an ce mutum biyu ne, kuma a ranar ce Hajiya Wasilatu, matar Dakta Masahudu, ta yafa mayafi ta tafi ofishin rukunin, wai tambaya kawai za ta yi.

Manajar rukunin Ba'amurkiya ce, Madam Darlene, 'yar jihar Ohio, mace mai fara'a da ta san sunan yaran kowa. Ranar Litinin ta kira ni, saboda ina hutun aiki daga kantin maganin asibitinmu, kuma Turancin Haladu na guduma da ƙusa ne, ba na zaman ofis ba. Ta ce in zo in yi tafinta. Na tarar da Haladu zaune a bakin kujera, ga kuma shugabansa a wajen aiki, Tudor, a tsaye jikin taga. Tudor mai gyaran lantarki ne, dattijo mai ƙiba da jar fuska, ɗan ƙasar Moldova. Sai da na duba taswira kafin na san tana tsakanin Romaniya da Yukren.

A nan na ji labarin daga bakin mai shi. Yana ɗan shekara ashirin da shida yana lodi a tasha, rigima ta haɗa shi da wani a kan layin mota. Ya ɗauki katako ya maka masa, hannun mutumin ya karye. Bai ce sharri aka yi masa ba, cewa ya yi, "Na buge shi, kuma ni ne da laifi." Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, fayil ɗinsa ya ɓace, ba a sake kiran sunansa ba sai da babban alƙalin jiha ya kai ziyara ya sallame shi. Tunda ba a taɓa yanke masa hukunci ba, takardar 'yan sanda da ya kawo wa kamfani fes take. A can ciki wani tsoho ya koya masa kafinta. Da ya fito aka yi kwana uku ana tururuwar yi masa barka, daga nan ba wanda ya taɓa kiransa ya gyara ko kujera a cikin gida. Ya yi 'yan shekaru a Kaduna, sannan ya samu hanyar Doha.

Ina fassarawa Madam Darlene tana share hawaye. Da ya gama ta miƙa hannu za ta riƙe nasa, ya janye a hankali ya dafa ƙirji. Ta ce in gaya masa tana alfahari da shi. Ta ce cocinsu a gida suna ziyartar fursunoni duk wata, ita da kanta ta sha aika musu littattafai, kuma ta yi imani duk wanda ya faɗi a bar shi ya tashi. Na fassara, har na fara sakin jiki. Sai ta jawo takarda daga aljihun tebur.

Ta ce masu haya suna da haƙƙin sanin wanda ke shiga musu gida, kamfanin inshora ma haka zai ce. Za ta aika wa gida arba'in da biyu saƙon imel ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, don ta kashe jita-jita. Duk gidan da ya yarda Haladu ya ci gaba da riƙe makullinsa sai ya amsa. In gida ashirin da takwas suka amsa cikin kwana goma, shi ke nan. In ba su kai ba, mai gyaran da ba ya shiga gida ba shi da amfani, kwantiraginsa zai tsaya a ƙarshen Janairu. Ta ƙara da cewa zai taimaka ƙwarai in ya tsaya a zauren taro ya ba mutane labarinsa da bakinsa, don ta tabbata za a tafa masa. Ni aka sa na juya wannan zuwa Hausa, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Tudor ne ya katse ta, da Turancinsa mai nauyi. Ya ce shi tun makon farko ya sani. Madam Darlene ta zaro ido ta ce wa ya gaya masa.

"Ba wanda ya gaya min. Na ga yadda yake cin abinci. Ƙanin uwata ya zauna gidan yari shekara bakwai, haka yake ci har ya mutu. Ranar da ya dawo kakata ta yanka dinya, aka zaunar da shi a saman tebur, ba wanda ya tambaye shi komai. A ƙauyenmu da wuya ki samu gidan da wani nasu bai zauna ba. In hukuma ta kulle mutum, mu tambayar da muke yi ita ce wa ya ɓata wa rai. Kuma ba a aika wa gari takarda a kansa, Madam. Wannan tsiraita mutum ne."

Ta ce a ƙasarsu ba haka ba ne. A can tarihin kotu a buɗe yake, mai ɗaukar aiki yana dubawa, mai ba da haya yana dubawa, kuma ɓoyewa ce ke kashe yarda, wanda ya fito ya faɗa da kansa shi ake girmamawa. Tudor ya tambaye ta, to a can Ohio ɗin, bayan an girmama shi, za a ba shi makullan gida arba'in? Ta ce gaskiya da wuya a ɗauke shi tun farko. Ta faɗa ne ba tare da ta ji nauyin abin ba, kamar mai faɗin farashin tumatir.

Na so a ce Tudor ya zama gwarzon labarin nan, amma bai zama ba. Da Madam Darlene ta ce to tunda shi ne shugabansa, ya rubuta wasiƙar shaida a haɗa da saƙon, sai ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa sa sunansa a takardar da ta shafi irin wannan magana ba, kuma ba zai fara a ƙasar mutane ba, saura shekara biyu ya koma gida. Muna fitowa ya tare Haladu a bakin ƙofa yana faɗa. "Me ya sa ka amsa? Ka ce yaron ya rikice, ka ce wani Haladun ne. Halas, an wuce wurin." Daga ranar kullum sai ya raba abincin ranarsa biyu ya tura masa rabi, har rigar sanyinsa ya ba shi. Amma layi uku a takarda ya gagara.

Saƙon ya fita ranar Talata. Ba laifi, Madam Darlene ta rubuta gaskiya, har da cewa shekara uku ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Haladu ya ƙi tsayawa a zauren taro, ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Nababa ya zo har Mu'aither idonsa jawur yana neman gafara, Haladu ya ce masa saƙon uwa ya isar, ba shi da laifi, ya je ya yi karatunsa.

Gidan Amurkawa huɗu ne a rukunin, uku suka amsa a rana ɗaya, ɗayansu da sharaɗin zai kafa kyamara a falo. Wasu Indiyawa suka amsa, 'yan Sudan biyu, wata tsohuwa 'yar Lebanon, da sauransu. A gidajenmu tara kuwa sai girki ya tashi. Tunda Haladu ya zo ƙasar nan bai taɓa ganin abinci irin na kwana goman nan ba: tuwon shinkafa, dambu, farfesun kayan ciki, kula na bin kula. Duk wanda ya gamu da shi sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Muna tare da kai, Malam Haladu, Allah ya rufa asiri." Dakta Masahudu ya ba shi sabuwar shadda. A cikin motocinsu kuma hira ɗaya ce, wai mutumin da ya iya ɓoye abu shekara uku, me kuma yake ɓoyewa. Kamar da ya faɗa tun farko za su bar shi ya taka ƙofarsu.

Yanzu sai in zo kaina, don ba zan tsaya ina tir da mutane in tsallake gidana ba. Maigidana Injiniya Suraj ya ce duk yadda na gani, ni ce uwargida. Na buɗe saƙon nan ya fi sau biyar. Ba na jin tsoron Haladu, wallahi ba na ji. Amma duk lokacin da zan danna sai wani abu ya ce min 'yata Zahra tana dawowa daga makaranta ƙarfe biyu, mu kuma sai biyar. Shekara uku tana dawowa ƙarfe biyu ban taɓa tunanin komai ba. Sai in ce bari in ga ko wata a cikinmu za ta fara. Na aika masa da miyar kuka da naman rago, na ce gobe zan amsa. Ranar da kwana goma suka cika, gida ashirin da ɗaya ne suka amsa. Bakwai ake nema, mu tara ne, ko ɗaya babu.

Ba a nan ƙazantar ta tsaya ba. Bayan kwana biyu Hajiya Wasilatu ta shigo falona da takarda da biro. Ta ce tunda mutumin zai tafi da ɓacin rai, kuma ba wanda ya san ko ya yanka wasu makullan ya ajiye, gara mu nemi kamfani ya canza mana kwaɗon ƙofa baki ɗaya. Ta ce kowa ya sa hannu, saura ni. Tana zaune tana kallona, ga shayin da na zuba mata yana huci. Na san maganar banza ce, na kuma san ta san na sani. Na karɓi biron. Wancan saƙon kwana goma na kasa danna shi, wannan ko minti biyu bai ɗauke ni ba.

Kamfani ya amince, amma bai ɗauko kowa daga waje ba. Kafinta ɗaya gare su, kuma kwantiraginsa bai ƙare ba tukuna. Don haka a makonsa na ƙarshe aikin da aka ba Haladu shi ne ya bi gidajen Hausawa tara ya cire tsohon kwaɗo ya sa sabo. Sabuwar doka ta ce ba ya shiga gida shi kaɗai, sai Tudor ya biyo shi ya tsaya a baya, hannu a aljihu, yana kallon ƙasa.

Nawa ya faɗo ranar Alhamis da hantsi. Ya yi sallama kamar kullum, ya tambayi Injiniya da Zahra, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa don kada garin katako ya ɓata min tayil. Na rasa inda zan sa kaina. Na shiga kicin na fito, na kawo ruwa, ya ce alhamdu lillahi. Ya yi aikin a natse, ya gwada ƙofar sau uku, ya ɗiga mai a maƙalanta duk da ba ya cikin abin da aka sa shi.

Sannan ya miƙo min wata 'yar leda a manne, da sababbin makullan a ciki. "Maman Zahra, ki yanke da hannunki. Haka ta zo daga masana'anta, ban buɗe ba. Kwaɗon mai kyau ne, na ce musu kada su sayo na arha."

Na ce, "Malam Haladu, ka yi haƙuri." Iyakar abin da na iya fitarwa ke nan, kuma ni kaina na ji yadda ya fito sakaka.

Ya ce, "Ba komai, Maman Zahra." Ya naɗe jaridar da garin katakon a ciki, ya zuba a jakarsa. Tudor ya ce, "Yalla," wato mu tafi, ya yi gaba. Har Haladu ya taka matakala sai ya juyo.

"Jirgina ranar Lahadi ne, ta Kano zan sauka. Hajiya Wasilatu ta ba ni awarwaron zinare da abaya in kai wa mahaifiyarta, likita ya ba ni waya biyu na ƙannensa. Kayan mutane sun kusa cika min jaka, amma akwai sauran wuri. Na san Hajiyarku tana Zariya, kan hanyata ce. Ko akwai saƙo?"

Akwai. Wata biyu ina ajiye da na'urar gwajin sukari da maganin Hajiya na wata shida, ina neman amintaccen da zai kai mata hannu da hannu. Na tsaya da sababbin makullan a tafin hannuna, shi kuma yana jira a kan matakala, bai matso ba.

Na ce masa ina zuwa, na shiga ɗaki na ɗauko.